Igiyar da Ta Tsinke a Bene na Sha Ɗaya

Igiyar aikin Ango ta tsinke da misalin ƙarfe goma na safiyar Litinin, yana rataye a jikin bene na sha ɗaya yana wanke gilashin taga. Kowane mai wannan aiki da igiya biyu yake sauka, ta aiki da ta tsira. Ta tsiran ta kama shi, amma sai da ta yi lilo da shi ta maka shi da bango. Aka sauko da shi ƙugu a karye, bai san inda kansa yake ba.

Kafin azahar 'yan sanda sun duba bakin igiyar sun ga yankan wuƙa ne, sumul. Suka tafi da Barkono, wanda yake rataye a saman Ango lokacin da abin ya faru. Barkono wan matar Ango ne, kuma duk ma'aikatan sun ji su suna sa-in-sa da safen nan tun kafin a ɗaura igiya.

Washegari sufeton da aka ba wa binciken ta aika a kira Mai Sawu.

Shekara ashirin da biyu Mai Sawu ya yi yana aiki a kan igiya, ya wanke gilashi, ya yi fenti, ya toshe tsagar bango a inda tsani ba ya kaiwa. Hawan jini ne ya sauko da shi, likita ya ce ko kan katanga kada ya sake hawa. Tun daga nan ya koma duba kayan masu hawa. Duk wata shida kamfanoni sukan kira shi ya bi igiyoyinsu da ɗamarun jiki da ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ware na yarwa, ya sa hannu a kan sauran. Sunan ya samo asali ne daga yadda in ka miƙa masa igiya zai gaya maka inda ta je da wanda ya wulakanta ta.

Hanyarsa ta zuwa ofishin 'yan sanda ta bi ta gindin benen. Bai yi niyyar tsayawa ba, amma ya tsaya, ya ɗaga kai. Gilashin ya wanku daga sama zuwa bene na sha ɗaya, daga nan ƙasa duk ƙura. Ya san irin iskar da take kaɗawa a wurin da ƙarfe goma, ya san yadda ƙarar motoci take raguwa har mutum ya riƙa jin numfashinsa. Sai da wani mai babur ya yi masa hon ya tuna a bakin titi yake.

Sufeto mace ce mai ƙarancin magana. Ta zube masa guntayen igiyar biyu a kan tebur ta ce ita ba ta san igiya ba, abin da ta sani shi ne akwai wuƙa a ɗamarar Barkono, akwai faɗa, akwai yanka. Mai Sawu ya ce wuƙa kam kowane mai hawa yana da ita. Ya ɗauki bakin igiyar ya juya shi a gaban haske, ya ɗauki ɗayan, ya daɗe yana kallo.

Ya yi mata bayani cewa igiyar da take ɗauke da nauyin mutum, in wuƙa ta taɓa ta, ba ta tsayawa a gama yanka ta. Rigarta ta waje takan zame baya, zarurrukan ciki su tarwatse kamar tsintsiya. Waɗannan bakunan kuwa a natse aka yanka su, igiyar tana kwance. Ya roƙi a kawo ma'auni. Lambar da ke manne a wutsiyar igiyar ta ce mita sittin ce. Da suka haɗa guntayen biyu, mita ɗaya da ɗoriya babu.

«Ba yanka ne ya yar da shi ba,» in ji shi. «Tsinkewa ta yi, wani ya zo daga baya ya yanke inda ta tsinke.»

Sufeto ta ce hakan bai wanke Barkono ba tukuna, don bayan faɗuwar, igiyar ta bi ta hannun mutum kusan goma kafin 'yan sanda su iso. Ta ba shi kwana biyu.

A harabar kamfanin kowa da nasa zargin. Ma'aikatan suna zaune a inuwar motar kaya, babu wanda ya yarda ya hau igiya tun jiya. Wasu suka ce Barkono ne, ai zuciyarsa a kusa take. Wasu suka rage murya suka ce manaja ne yake sayo kaya masu arha. Wani ya rantse cewa mutumin da ke da ofis a bene na sha biyu ya sha yi musu barazana wai suna leƙa masa taga.

Mai Sawu ya bi kowace magana. Ya hau lif zuwa bene na sha biyu ya tarar tagogin ba a buɗe su ko kaɗan, a like suke tun ginin fari. Manaja kuwa ya fito masa da takardar igiyar: watanta takwas, daga masana'anta mai suna, ba a taɓa kuka da irinta ba. A ƙasan takardar akwai sa hannun wanda ya duba ta wata huɗu da suka wuce ya ce lafiyarta lau. Mai Sawu ya kalli sa hannun, nasa ne, ya mayar da takardar.

Daga nan ya shiga sito wurin Shirwa.

Shirwa ne mai kula da kayan hawa na kamfanin. Shi yake bayarwa da safe, ya karɓa da yamma, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya rubuta a littafi. Amma kafin sito, shekara goma sha tara suka yi da Mai Sawu kafaɗa da kafaɗa a jikin gine-gine. A zamaninsu babu mai sauka da kyau irin nasa, shi ya sa sunan ya bi shi. Shekara shida ke nan da wani firam ɗin taga ya ɓalle ya daki gwiwar hannunsa ta dama. Ƙashin ya haɗe, amma hannun bai sake miƙewa ba.

Suka gaisa, Shirwa ya ja masa kujera ya zuba masa shayi. Siton tsaf kamar kullum, ɗamaru a rataye bisa lamba, ƙugiyoyi a goge an ɗiga musu mai, kowace igiya a cikin jakarta. Shirwa ya ce ranar Juma'a ya karɓi igiyar daga hannun Ango, ya bi ta, ya rubuta, ranar Litinin ya miƙa masa ita. Bayan faɗuwar, shi ya je da mota ya kwaso kayan, kamar yadda aikinsa ya ce. Sau uku ya tambayi jikin Ango a cikin hirar.

Suka ɗan taɓa hirar da. Shirwa ya tuno ranar da ruwan sama ya rutsa su a jikin wata doguwar hasumiya, suka maƙale a ƙarƙashin baranda suna cin biredi ɗaya, garin gaba ɗaya a ƙarƙashin takalmansu. Suka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

«Har yanzu in na kwanta ina jin ɗamara a cinyata,» in ji Shirwa. «Kai fa?»

«Ni ma.»

Da za su rabu suka yi musabaha. Tafin hannun Shirwa ya yi kanta, irin wadda ba a samu a wurin riƙe biro. Mai Sawu ya ji ta, ya ce a ransa ai mai sito ma yana jan igiya, ya fita.

A asibiti ya sami matar Ango a kan benci a bakin ɗakin, da jaririya a goye. Mijin bai farfaɗo ba tukuna. Ta gaishe shi da Baba, ta gaya masa abin da ya haɗa mijinta da wanta. Ango ya sami aiki a wani gari mai nisa, yana so su tashi ƙarshen wata. Yayan nata kuwa shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu, shi ya koya wa Ango hawa, shi ya haɗa aurensu. Da ya ji zancen tafiyar sai ya rasa yadda zai ce kada ku tafi, ya koma faɗa.

«Baba, Yaya ko kuka zai yi da faɗa yake yin sa,» in ji ta. «Mutum biyu gare ni a duniya, ɗaya yana bayan wannan ƙofa, ɗaya yana bayan waccan.»

Barkono a ɗakin tsaro na 'yan sanda bai yi kama da sunansa ba. Ya zauna ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce gaskiya ne ya ce wa Ango in ya tafi da ita kada ya sake kiransa yaya. Ya ce yana sama da shi da bene ɗaya ya ji wata ƙara, ba ƙarar yanka ba, kamar an yage tsohon zane. Shi ya sauka ya ɗauko shi ya kai shi ƙasa a jikin tasa ɗamarar. Ya tuna abu ɗaya kuma: da ya kama guntun igiyar da ke lilo don ya kawar da shi, wani gari ya zuba masa a safar hannu.

Igiya mai wata takwas ba ta yin gari.

Da safiyar Laraba Mai Sawu ya shimfiɗa guntayen a farfajiyar ofishin 'yan sanda, ya zauna a kan bulo ya fara bin su da yatsu, taƙi bayan taƙi, yana lanƙwasa kowane wuri yana sauraron abin da hannunsa zai gaya masa. Ido bai ga komai ba, launin igiyar ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, har ƙamshin sabulu take yi. Amma a wani wuri ta ƙi lanƙwasuwa, ta yi tauri kamar busasshiyar jijiya. Ya sa alli ya yi alama. Gaba kaɗan ya sake samun wani, sannan wani. Wuri tara ya samu, tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya. Ya kai ɗaya bakinsa ya taɓa da harshe, ya tofar. Tsami.

Ya gaya wa sufeto cewa ruwan batir ne. Yakan ci igiya daga ciki ya bar rigarta tana kyau, wanka kuma ba ya mayar da abin da ya ci. Wurare tara masu tazara ɗaya na nufin a naɗe take lokacin da ruwan ya zubo mata, ya jiƙa gefe ɗaya na naɗin. Sufeto ta ce to ai a jaka suke ajiye igiya a kamfanin, ta gani da idonta. Ya ce haka ne, yaran yanzu cusawa suke yi. Tsofaffin hannu ne suke naɗewa, su miƙa hannu biyu iyakar tsawonsu, su haɗa, su sake miƙawa.

Ya tashi ya naɗe ta da kansa. Alamomin allin suka warwatse, kowace a nata gefen. Ya warware ya rage faɗin naɗin, suka matso kusa. Ya sake ragewa. Sai da ya lanƙwashe hannunsa na dama ya manne gwiwar da haƙarƙarinsa, ya bar na hagu kaɗai yana miƙewa, sannan alamomi taran suka hau kan juna a layi ɗaya.

Ya tsaya a haka da igiyar a hannu. Sufeto ta yi masa magana sau biyu bai ji ba. Daga baya ya ce ta tara masa kowa a sito bayan azahar, a zo da Barkono.

Siton ya cika. Manaja yana bakin ƙofa, ma'aikata sun jingina da kantoci, Barkono yana tsakanin 'yan sanda biyu. Matar Ango ma ta zo ta tsaya daga waje. Shirwa yana bayan teburinsa.

Mai Sawu bai ja zance ba. Ya faɗi abin da ya ci igiyar, ya nuna alamomin alli, ya ce duk wanda ya naɗe ta alamomin suka haɗu, a hannunsa take ranar da ruwan batir ya zubo mata. Ya miƙa wa Barkono, ya naɗe, ba su haɗu ba. Manaja bai ma iya naɗin ba, har wani ya yi dariya ya haɗiye. Ta bi hannun ma'aikata shida. Da ta zagayo, Mai Sawu ya ajiye ta a kan teburin Shirwa, bai iya kallon fuskarsa ba.

Shirwa ya ɗora hannu a kanta ya shafa ta. Bai naɗe ba.

«Ba sai na yi ba,» in ji shi. «Ku saki yaron nan.»

Ya buɗe aljihun teburin ya fito da wata leda, a ciki guntayen igiya biyu ne da bakunansu a ragargaje. Ya faɗi sauran a hankali, idonsa a kan Mai Sawu. Akwai wani tsohon rumbun siminti na masana'antar da aka rufe a bayan gari. Shekara biyu ke nan duk Lahadi yakan ɗauki igiya biyu da ɗamara daga sito ya je can. Ba ya yin komai, yakan sauka rabin bangon ne kawai ya zauna a cikin ɗamarar, ƙafafunsa a jikin siminti, har rana ta yi sanyi. Lahadi uku da suka wuce, a hanyar dawowa, batirin da yake ajiyewa a but ɗin motarsa ya kife. Ya wanke igiyar sau biyu, ya bi ta da hannu, ya ce wa kansa bai taɓa ta ba. In ya ware ta sai ya rubuta dalili, in ya rubuta dalili za a karɓe makullin sito, Lahadi kuma ta ƙare.

Ranar Litinin da ya je kwaso kaya ya ga bakin igiyar ya gane. Ya yanke shi a cikin mota. Ya ce bai yi tunanin Barkono ba, bai yi tunanin kowa ba. Tun daga ranar kullum yakan sa makulli a mota da niyyar zuwa wurin sufeto, sai ya sami kansa a sito yana goge ƙugiyoyi.

Wani daga cikin ma'aikatan ya yunƙura, Barkono ya tare shi da hannu. Matar Ango ce ta yi wa Shirwa magana daga bakin ƙofa, ba ta ɗaga murya ba.

«Kai ne fa ka ɗaura masa ɗamarar farko, Kawu.»

Shirwa ya sunkuyar da kai. Da 'yan sanda za su fita da shi ya tsaya a gaban Mai Sawu ya ce maƙalansa, ƙarafan da yake ɗaure igiya a jikinsu, suna nan a kan rumbun, a je a kwance su, kada wani ya gani ya gwada.

Ango ya farfaɗo ranar Alhamis. Likita ya ce zai taka ƙafarsa, da sanda tukuna, amma shi da igiya sun rabu. Zancen tafiya gari mai nisa ya mutu, Barkono ya koma kwana a asibiti yana juya shi yana yi masa faɗa a kan ƙin cin abinci. Mai Sawu ya shafe yini biyu a sito yana bin kaya. Duk igiyar da littafi bai iya nuna inda ta yini ranar Lahadi ba, ya daddatsa ta guntu-guntu yadda ba za ta sake ɗaukar mutum ba. Ya sa manaja ya kafa doka cewa mutum biyu ne za su riƙa sa hannu a kan kowace igiya, wanda ya ba da ita da wanda zai rataya a jikinta.

Ranar Lahadi Mai Sawu da Barkono suka je rumbun. Akwai matakala ta ciki. Mai Sawu ya hau ta a hankali, yana hutawa a kowane zagaye, Barkono yana bayansa da sifana yana mita cewa in jininsa ya hau shi ba zai goya tsoho ba. Da suka fito sarari iska ta daki fuskarsa. Rabonsa da tsayawa a wuri mai tsawo haka shekara huɗu. Ya riƙe ƙarfen gefe ya bar idonsa ya yi tafiya a kan rufin gidaje, da layin dogo, da gonakin da ke bayansu.

Maƙalan suna nan, an kafa su yadda ya kamata, biyu-biyu, an shimfiɗa tsohon tiyo a gefen simintin don kada ya ci igiya. Ƙarfensu ya goge saboda amfani. Taku biyu daga hagunsu akwai wasu biyun, irinsu sak, da nasu tiyon. Waɗannan ko ƙwarzane babu a jikinsu.

Barkono ya tambaya na biyun na wa ne, ko akwai wani da suke zuwa tare da ya kamata a gaya wa sufeto.

Mai Sawu ya durƙusa ya taɓa su. Shi bahago ne. Shekara goma sha tara a hagun Shirwa yake rataya, don kada hannuwansu su riƙa karo.

«Babu kowa,» in ji shi. «Ba a taɓa hawa su ba.»

Ya karɓi sifanar ya ce Barkono ya kwance waɗancan, shi zai kwance waɗannan. Notin ya yi tauri, ya ɗauke shi lokaci. Da ya gama ya zuba ƙarafan a jaka, ya ƙara tsayawa kaɗan a bakin gefen, sannan ya bi Barkono suka sauka ta matakala.